Daga Rajistar Akawu zuwa Kwamfuta: Matakin Farko na Sarrafa Fayil

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin ƙasar Miga da aka yi a Dutse



Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, muna kuma godiya ga shugabannin wannan taro da suka ba mu damar tsayawa a gabanku, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu shekaru da ilmi nesa ba kusa ba. Abin da aka ɗora mana shi ne mu yi bayani a kan yadda mai koyo zai fara aiki da laburaren sarrafa fayil a kwamfuta. Mun sani da jin wannan take wasu za su ce ai wannan magana ce ta 'yan sashen kwamfuta, ba ruwan mai karatun noma ko akawun ofis. Muna roƙo a ara mana kunnuwa, domin maganar daga bakin kogin Haɗeja ta taso.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Miga ya san abin da watan Agusta da na Satumba kan zo da shi. Kogin da ke ba mu shinkafa da kifi, shi ne kuma kan tumbatsa ya shigo gari. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba sai an tuna wa kowa ba. In ruwa ya janye, akan ƙirga gidaje da gonaki da dabbobin da aka rasa, amma ba kasafai akan ƙirga takardu ba. Takardar gona, da takardar haihuwa, da katin awo na asibiti, da rajistar makaranta, duk ruwa ba ya ƙyale su. Katangar da ta faɗi ana sake ta da rani, amma rajistar da ta jiƙe shafukanta suka manne, ta tafi ke nan. A yau kusan kowa yana da waya mai ɗaukar hoto, saboda haka ɗaukar hoton takarda ya zama abu mai sauƙi. Wahalar tana zuwa ne bayan an ɗauka. Hotuna dubu uku a cikin waya, babu suna babu tsari, daidai suke da buhun takardu da aka zuba a sito.

Yayyenmu da ke aiki a sakatariya sun san ɗakin rajista. Kowane fayil yana da lamba, yana da kabad, yana da durowar da yake kwana, akwai kuma akawun da ya san inda kowanne yake. To, kwamfuta ma tana da nata akawun, shi ne ake kira tsarin ajiyar fayil. Aikinsa shi ne riƙe sunan kowane fayil, da wurin da yake a kan faifai, da girmansa, da ranar da aka taɓa shi, da wanda ke da izinin buɗe shi. Tsarin nan iri-iri ne. Windows tana aiki da NTFS tun 1993, Linux galibi da ext4, filasha da katin memori kuwa yawanci da FAT32 ko exFAT suke zuwa. Kowanne da halinsa. Misali, FAT32 ba ta karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Wannan shi ne dalilin da ya sa wani lokaci bidiyon biki kan ƙi shiga filasha alhali akwai sauran wuri a cikinta.

Dukkansu kuwa a kan siffa ɗaya aka gina su, watau siffar bishiya: tushe guda, sai rassa, kowane reshe da nasa rassan. Reshen shi ne folda, ganyen shi ne fayil. An fara aiki da wannan siffa ne a Amurka cikin shekarun 1960 a wani tsari mai suna Multics, sa'an nan Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ɗauke ta cikin Unix, wanda suka fara ginawa a 1969. Mu wannan siffa ba baƙuwa ba ce gare mu. Jiha tana da ƙananan hukumomi 27, Miga tana cikinsu, a ƙarƙashin Miga akwai mazaɓu irin su Hantsu da Sansani da Zareku, a ƙarƙashin kowace mazaɓa akwai garuruwa. In muka jera su haka, Jigawa/Miga/Hantsu/rajista.jpg, mun rubuta abin da ake kira hanyar fayil, watau adireshinsa. Hanya iri biyu ce. Wanda ya aiko da wasiƙa daga Legas tilas ya rubuta cikakken adireshi tun daga jiha. Wanda ke tsaye a kasuwar Miga kuwa ya ishe shi ya ce gidan dagaci. Ta farko cikakkiyar hanya ce, ta biyu kuwa ta dogara ga inda mutum yake tsaye. Yawancin kurakuran mai koyo daga nan suke farawa: ya ce gidan dagaci alhali yana tsaye a Jahun, sai kwamfuta ta ce ba ta ga fayil ba.

Me ake nufi da laburare a nan? Manomi ba ya ƙera garmarsa da kansa, wurin maƙeri yake zuwa. Haka mai rubuta manhaja ba sai ya koya wa kwamfuta yadda za ta karanta faifai daga farko ba. Waɗansu masana sun riga sun rubuta tarin umurni, sun gwada su, sun ajiye don kowa ya ɗauka, wannan tari shi ne laburare. Harshen kwamfutar da muka zaɓa shi ne Python, wanda Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Laburarensa na sarrafa hanyoyin fayil sunansa pathlib, ya shigo cikin harshen a 2014. Yana da abokin tafiya mai suna shutil, wanda ke kwafa da kwashe kaya. Sauran harsuna ma suna da nasu: Java ta sami sabon nata a 2011, C++ kuwa a 2017. Mun zaɓi pathlib ne saboda tare da Python yake zuwa, ba sai an sayi data an sauko da wani abu dabam ba. Bugu da ƙari, shi ke ɗauke wa mutum bambancin da ke tsakanin Windows, wadda ke raba sassan hanya da sanda mai jingina baya, da Linux, wadda ke raba su da mai jingina gaba. Wanda ba shi da kwamfuta kuma kada ya karaya, domin ana iya sa Python a wayar Android ta cikin manhajar Termux.

Mataki na farko shi ne kallo, ba tare da taɓa kome ba. Ga abin da muka rubuta a allo:

from pathlib import Path
tushe = Path("Miga")
for fayil in tushe.rglob("*.jpg"):
    print(fayil, fayil.stat().st_size)

Layi na farko ya ɗauko kayan aiki daga laburare. Na biyu ya nuna foldar da za a fara daga gare ta. Na uku ya ce a bi kowane reshe a ƙarƙashinta, a tsamo duk fayil da sunansa ya ƙare da jpg. Na huɗu ya ce a rubuta hanyar kowanne da girmansa. Layi huɗu ke nan, amma aikin da zai ɗauki akawu yini guda ana gama shi kafin a sha ruwa. Abin da ya fi muhimmanci, waɗannan layuka ba su canza kome a kan faifai. Ko an yi kuskure, iyakarta a ga abin da ba a nema ba. Shawararmu ga mai koyo ita ce ya yi mako guda a nan. Ya koyi exists, mai faɗa masa ko abu yana nan, da is_dir, mai bambance folda da fayil, da name da stem da suffix da parent, waɗanda ke ba shi cikakken suna, da gangar sunan, da wutsiyarsa, da foldar da yake ciki.

Mataki na biyu shi ne gini. Ana haɗa hanya da sanda mai jingina gaba, kamar a rubuta tushe / "Sansani" / "1996", sa'an nan a kira mkdir ya gina foldar. In aka ƙara masa parents=True zai gina duk rassan da ke sama in babu su, in aka ƙara exist_ok=True ba zai yi ƙorafi ba don ya tarar an riga an gina. Mataki na uku shi ne kwafa, da umurnin copy2 na shutil, wanda ke ƙoƙarin riƙe ranar da aka taɓa fayil na asali. Sauya suna da kwashewa da sharewa su ne na ƙarshe, kuma a nan ne za mu ba ku labarin abin da ya same mu, don gani ga wane ya ishi wane.

A wani hutu da ya wuce, mu huɗu muka je wata makarantar firamare a wani ƙauye na bakin kogi, muka nemi izinin hedimasta, muka ɗauki hoton tsofaffin rajistocin shigar yara, shafi bayan shafi. Kwana uku muka yi. Muka zuba hotunan a kwamfutar ɗaya daga cikinmu, mai aiki da Linux, kowace shekara da foldarta. Sai muka ga ya fi kyau a tattara su wuri ɗaya da sunaye masu ma'ana. Muka rubuta 'yar manhaja da ke sauya sunan kowane hoto zuwa lambar shafinsa, ta kai shi sabuwar folda. Muka manta ba mu sa shekara a cikin sunan ba. Manhaja ta yi aikinta ba ta yi ƙorafi ba, muka yi murna, muka share hotunan da ke wayoyinmu don samun wuri. Sai bayan watanni, da wani yayanmu ya zo neman shaidar shekarar da ya shiga makaranta saboda takardun ɗaukar aiki, muka buɗe folda muka tarar shafi na 1 guda ɗaya ne tak, na shekarar ƙarshe. Kowace shekara ta hau kan wadda ta gabace ta ta shafe ta. Da muka koma ƙauyen, damina ta riga ta wuce ta kan littattafan. Mun sake ɗaukar mafi yawansu, amma akwai shafukan da muka karanta da idonmu a zuwan farko waɗanda yanzu ba su karantuwa. Sunan yayan namu yana cikinsu. Har yau in muka haɗu da shi sai mun sunkuyar da kai.

Laifin namu ne, domin abin a rubuce yake cikin bayanin laburaren, mu ne ba mu karanta ba. Umurnin rename a kan Linux, in ya tarar da wani fayil mai sunan da aka ba shi, yakan maye gurbinsa shiru. A kan Windows kuwa yakan tsaya ya yi ƙorafi. Umurnin copy2 shi ma yakan hau kan abin da ya tarar. In aka buɗe fayil da harafin w don rubutu, abin da ke ciki ya tafi tun kafin a rubuta kalma ɗaya, amma harafin x yakan ƙi buɗewa in akwai mai wannan suna. Sa'an nan abin da unlink ko rmtree suka share ba ya zuwa kwandon shara da muka saba zuwa mu tsamo abu, wucewa yake yi kai tsaye. Kada kuma a ɗauka 'yan koyo kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, umurnin sharewa guda ya cinye mafi yawan fayilolin fim ɗin Toy Story 2 ana tsakiyar aikinsa. Da aka je ga ajiyar ko-ta-kwana sai aka tarar ba ta da lafiya. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciya ta ajiye a kwamfutar gidanta.

Daga wannan ne muka ɗauki waɗansu ƙa'idoji da ba mu ƙetare su. Da farko, ba mu aiki a kan na asali. Mukan kwafe shi, mu ajiye shi gefe, mu yi aiki a kan kwafin. Na biyu, duk manhajar da za ta sauya suna ko ta share, mukan fara sa ta ta rubuta abin da take niyyar yi a kan allo kawai, mu karanta, sa'an nan mu sake ta. Na uku, kafin a ajiye fayil a sabon wuri, a tambayi exists ko akwai wani a wurin. Na huɗu, a ƙirga kafin aiki, a ƙirga bayan aiki. Da mun yi wannan ƙirga kaɗai, da a daren nan mun gane ɓarnar, hotuna na nan a wayoyinmu. Na biyar, a tabbatar kwafi ya yi daidai da asali. Laburaren hashlib yakan fitar wa kowane fayil wata doguwar lamba, kamar zanen yatsa. In lambobin biyu sun zo ɗaya, kwafin ya cika. Na shida, abu mai daraja ya zama yana da kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani gari dabam. Filashar da ke cikin durowa ɗaya da rajista, ruwa ɗaya ne zai ci su. A bar ɗaya a Miga, a kawo ɗaya Dutse inda ke da tudu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura maganar suna, wadda ita ce rabin aikin. Kwamfuta tana jera sunaye harafi bayan harafi, saboda haka shafi 10 yakan riga shafi 2 zuwa. Maganinsa a rubuta 002 da 010. Kwanan wata kuwa a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2022-09-15, sai fayiloli su jeru da kansu bisa tarihi. Windows ba ta yarda da waɗansu alamomi cikin suna ba, irin su ɗigo biyu da alamar tambaya da tauraro. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a suna, Linux kuwa tana bambantawa, don haka layukan nan huɗu da muka rubuta a allo za su tsallake hoton da wutsiyarsa ta zo da manyan baƙaƙe in a kan Linux ake.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu Hausawa musamman, ita ce ta baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna cikin rubutun boko tun shekarun 1930. A wurin kwamfuta k da ƙ baƙaƙe ne biyu da ba su haɗa kome ba. In akawu ɗaya ya sa wa folda suna takardun ƙasa, wani ya rubuta takardun kasa, mai neman ɗaya ba zai ga ɗayar ba. Tsarin Unicode ya ba kowane baƙi namu lambarsa, kuma UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ne hanyar da aka fi ajiye su da ita. Amma a kwamfutar Windows, in ba a faɗa ba, Python na iya zaɓar wani tsohon tsari na harsunan Turai wanda bai san ƙ ba, sai rubutu ya ƙi ajiyuwa ko ya fito a hargitse. Saboda haka duk lokacin da za a kira read_text ko write_text, a ƙara encoding="utf-8". Game da sunan fayil kuwa, ofis ya zauna ya yanke shawara guda, ko da ƙugiya ko babu, kowa ya bi. Mu abin da muke yi shi ne mu bar sunan fayil da baƙaƙe marasa ƙugiya don ya bi kowace na'ura lafiya, sa'an nan mu ajiye jadawali dabam mai ɗauke da cikakken suna da rubutunsa na daidai.

Ga yayyenmu ma'aikata, wannan al'amari ya wuce sha'awa, domin doka ta shigo ciki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su adana bayanansu a tsare yadda za a iya samo su. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuwa ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da bayanan mutane. Rajistar makaranta da katin asibiti suna ɗauke da sunayen mutane da asirinsu. Wanda ya iya kwafe fayil dubu cikin minti ɗaya, ya iya yaɗa su cikin minti ɗaya. Kada a ɗauki hoton takardar hukuma sai da izinin mai riƙe da ita, kada kuma a zuba ta a dandalin WhatsApp da sunan ajiya. Amana ce, kamar yadda mabuɗin kabad yake amana a hannun akawu.

Daga ƙarshe, ga aikin da muke roƙon kowa ya yi cikin makon nan. Ya gina folda guda ta gwaji, ya zuba mata kwafin hotuna ashirin waɗanda ba zai yi kuka ba in sun ɓace. Ya fara da kallo, ya ƙirga su. Ya gina foldoji, ya kwafa, ya sake ƙirgawa. Sa'an nan da gangan ya ba fayil biyu suna ɗaya, ya ga da idonsa abin da zai faru. Wanda ya yi wannan kuskure a kan hotunan gwaji, da wuya ya maimaita shi a kan takardun jama'a. In hutu ya zo, mu raba kanmu bisa mazaɓunmu, mu je wurin hedimastoci da dagatai da ladabi mu nemi izini, mu fara da littattafan da suka fi tsufa, kafin ruwa ya sake saukowa.

 Inda muka yi kuskure, malamanmu na nan, sai a gyara mana. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya kiyaye garuruwanmu.